Kafin Ka Kawo Kare Gida, Duba Halinsa

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin batun kare a wannan mujalla tamu, wadda aka saba cika ta da nazarin adabi da nahawu da al'ada. Da na faɗa wa wani abokin karatuna abin da zan rubuta, sai ya yi dariya ya ce, "Kai kuma duk batutuwan duniya ka rasa sai kare?" Na ce ya yi haƙuri ya karanta tukuna. A nan Kudu inda muke karatu, kare ya zama ɗan gida a unguwanni da yawa. Ko kai ba ka ajiye ba, maƙwabcinka ya ajiye, ko kuma mai gidan da kake haya. Na kuma san cewa a wurin Hausawa da dama kare na farauta ne ko na gadi ko na kiwo, ba ya shiga ɗaki. To amma ko na gadin ne, a tsakar gida yake kwana, inda yara suke wasa. Ra'ayina shi ne, duk gidan da yake da yara, sanyin halin kare ya kamata a fara dubawa kafin girmansa ko tsadarsa ko kwarjininsa.

Abin da ya faru a gidanmu

Na tashi a wani gidan haya a Ibadan, iyali shida muna tarayya a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Wata shekara ɓarayi suka haura mana katanga har sau biyu, sai mai gidan ya sayo wani ƙaton kare irin wanda ake kira Burbul. Aka ƙera masa kejin ƙarfe a bayan gida. A ciki yake wuni cikin rana, ba mai kula shi, sai ƙarfe goma na dare a sake shi. Wata safiya yaron da yake ba shi abinci ya manta bai sa sakata ba. Wata yarinya 'yar shekara shida ta fito da bokiti za ta ɗebo ruwa, karen ya yi kanta, ya kayar da ita, ya cije ta a cinya. Allah ya yi da sauran kwananta. Da aka tambayi mai gidan takardar rigakafin karen sai aka ga babu, don haka bayan jinyar rauni sai da aka yi ta kai ta asibiti ana yi mata allurar ciwon haukan kare. Iyali biyu suka tashi daga gidan kafin shekara ta ƙare.

Na daɗe ina ganin laifin karen. Da na ƙara hankali sai na gane cewa an ɗauko dabbar da aka ƙirƙiro don tsaron gonaki masu faɗi, aka kulle ta a keji, aka hana ta sabawa da kowa, sannan aka ajiye ta a gidan da yara fiye da goma suke kai da kawowa. Kuskuren tun ranar saye aka yi shi.

Kowane iri da aikin da aka yi shi dominsa

Yawancin ire-iren karnukan da ake shigo mana da su, mutane ne suka yi shekaru suna zaɓar iyayensu don wani aiki na musamman. Burbul daga Afirka ta Kudu yake, manoma ne suka raine shi don gadin gona, kuma babban namiji kan wuce kilo 60. Yaro ɗan shekara shida kuwa kilo 20 ne ko kusa da haka. Ko da wasa irin wannan kare ya hau shi, sai ya kai shi ƙasa. Rotwaila ya samo sunansa daga garin Rottweil na Jamus, inda yake kora shanun mahauta yana tsare dukiyarsu. Kokeshiyan, wanda masu kuɗi suke yayinsa a Legas da Abuja, daga duwatsun yankin Jojiya da Armeniya ya fito, aikinsa kare tumaki daga kyarkeci a cikin dusar ƙanƙara. Duk waɗannan an gina su a kan rashin yarda da baƙo. A hannun wanda ya san horo suna iya zama lafiya, amma ba su dace da wanda bai taɓa riƙe kare ba, ga kuma yara da baƙi suna shiga da fita.

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda aka zaɓa don yin aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum. Kakannin Labrado masunta suke taimaka wa a tsibirin Newfoundland na Kanada, daga nan Ingilishi suka kai su ƙasarsu a ƙarni na 19 don su riƙa ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo ba tare da sun tauna shi ba. Wannan taushin baki da son mutane ya sa ake horar da shi ya yi wa makafi jagora. A Amurka ya yi shekara 31 a jere yana kan gaba a rajistar karnuka, sai a 2022 Buldok na Faransa ya karɓe matsayin. Nauyinsa tsakanin kilo 25 ne da 36, gashinsa kuma gajere ne. Sai dai a sani, a shekarunsa biyu na farko yana da rawar kai, yana bukatar a fita da shi kullum, ga shi da ci, idan ba a kula ba sai ya yi ƙiba. Ɗan'uwansa Goldin Ritiriba, wanda aka samar a Sikotilan a shekarun 1860, shi ma yana da haƙuri da yara, amma dogon gashinsa maɓoyar kaska ce a ƙasarmu.

Wasu kuma suna ɗauka cewa duk ƙaramin kare mai sanyin hali ne. Lasa Afso, wanda ya cika gidaje a biranenmu, asalinsa daga Tibet ne, inda aikinsa shi ne ya yi haushi idan baƙo ya shigo. Ba ya son a ja masa gashi ko a ɗaga shi da ƙarfi, abin da ƙaramin yaro ba zai fasa yi ba. Ya fi dacewa da gidan da yaransa suka fara hankali.

Zafin ƙasarmu

Akwai wani abu da masu sayar da karnuka ba su cika faɗa wa mai saye ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Karnuka masu gajeren hanci irin su Buldok na Ingila da na Faransa suna da sauƙin hali ƙwarai, amma hanyar numfashinsu a matse take, saboda haka zafi kan galabaitar da su har ya kai ga kisa. Mai yawan gashi irin Kokeshiyan shi ma wahala yake sha a watan Maris. Wanda zai ajiye irin waɗannan sai ya tambayi kansa ko zai iya sanyaya musu ɗaki a garin da ake ɗauke wuta dare da rana. Dabbar da take cikin ƙunci kullum ba a sa ran ta yi haƙuri da ɗan mutum.

Wannan ne ya sa nake ganin mun raina karen gida ba bisa haƙƙi ba. Jikinsa matsakaici ne, gashinsa gajere, ya saba da rana da kaska da abincinmu, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kakata ta riƙe wani a ƙauye shekara goma sha ɗaya. Ba baƙon da zai taka ƙofar gida bai sanar ba, amma mu jikoki muna jan kunnensa, iyakarsa ya tashi ya canza wuri. Abin mamaki, Basenji na ƙasar Kwango da Azawak na Buzayen Mali da Nijar da Burkina Faso duk karnukan gida ne a inda suka fito, yau ga su Turawa suna saye da tsada. Aibin namu shi ne yawo da bin kaji, kuma katanga da horo suna maganin wannan.

Iri kaɗai ba ya isa

Kada mai karatu ya ɗauka da ya sayi Labrado shi ke nan ya huta. A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da masana a Amurka suka yi a kan karnuka fiye da 18,000. Sun gano cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin kare da kare. Wato a cikin iri ɗaya akwai mai haƙuri, akwai mai zafin rai. Iri yana gaya maka girman da kare zai kai da ƙarfin cizonsa da abin da ya fi karkata gare shi, sauran kuwa sai ka duba da idonka.

Saboda haka kada a sayi kwikwiyo a bakin titi ko daga hoto a WhatsApp. A je inda aka haife shi, a ga uwarsa. Idan karyar tana gurnani ba ta bari a matso, ko mai ita ya ƙi nuna ta, a haƙura. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. A tsaya a kalli 'yan kwikwiyon suna wasa. Wanda ya ɓuya yana kyarma da wanda yake danne kowa, duka biyun a bar su. A nemi wanda zai zo ya shinshina hannu, idan an yar da makulli ya firgita kaɗan sannan ya dawo ya duba. Wanda ba shi da lokacin raino kuwa, gara ya ɗauki babban kare da aka riga aka san halinsa da yara.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa kamar mako 14 ne kwikwiyo yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida. A wannan lokaci ya kamata ya saba da yara da tsofaffi da ƙarar babur da janareta da awaki. Na sha jin masu cewa a kulle kare a duhu, ko a zuba masa barkono a abinci, wai don ya yi zafi. Abin da hakan yake haifarwa shi ne kare mai tsoro, kuma mai tsoro ya fi saurin cizo. Yara ma suna bukatar tarbiyya: ba a taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kuma duk haƙurinsa ba a barin ƙaramin yaro da shi su biyu.

Maganar tsaro

Na san abin da wani zai ce: muna zaune cikin fargabar ɓarayi, me za a yi da kare mai kaɗa wa kowa wutsiya? Wannan damuwa gaskiya ce, mu ma ita ta kawo mana Burbul. To amma babban abin da ɓarawo yake gudu shi ne a farka, kuma kare mai sanyin hali ma yana haushi idan ya ji motsi a katanga cikin dare. Ɓarawo yana iya yin shekaru bai zo ba, amma mai kawo ruwa da mai karanta mita da 'ya'yan maƙwabta kullum suna tafe. Idan aka ajiye kare mai cizon duk wanda ya gani, a cikin waɗannan ne zai sami wanda zai ciza. Ingila ta kai ga kafa doka a 1991 da ta hana ajiye wasu ire-iren karnuka irin su Fitbul, ta kuma ƙara wani a jerin a ƙarshen 2023. Mu a nan, tun kafin hukuma ta hana, ya kamata hankali ya hana.

Allurar rigakafi

Komai sanyin halin kare, idan ba a yi masa rigakafi ba hatsari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a rayu. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana da wata 3, sannan a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana takardar. Ba sai an je waje ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Idan kuma tsautsayi ya sa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar.

Kammalawa

A taƙaice, wanda yake da yara kuma yake son ajiye kare, shawarata ita ce ya nemi matsakaici mai gajeren gashi, ko Labrado idan yana da hali da fili, ko karen gida da ya ga uwarsa ya kuma yarda da halinta. Ya raine shi cikin mutane, ya yi masa allura, ya tuna cewa ɗawainiya ce ta shekara goma ko fiye. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu kai wannan magana gida lokacin hutu, musamman ga iyaye da masu gidajen haya da suke shirin sayen kare. Yarinyar gidanmu yanzu ta girma, tana makarantar sakandare, amma har yau idan ta ji haushi sai ta tsallaka titi. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.