Lissafin Ciyawar Ado a Ƙasar Gero

Kawuna ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Abuja, ya dawo ƙauyenmu tsakanin Bichi da Tsanyawa ya gina gidan bulo. Ranar da aka gama fenti ya kira ni, ya miƙo mini wayarsa. Hotunan gidajen Turawa ne, an jera ciyayi masu dogon gashi a gabansu, wasu ja, wasu fari fat kamar jelar doki. Ya ce, "Irin wannan nake so a ƙofar gida." Na ce, "Kawu, Allah ya sanya alheri, amma a ba ni takarda da biro tukuna."

Da ruwa na fara, domin a nan kowane lissafi da shi ake farawa. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba take, in an yi sa'a ta leƙa Oktoba. Daga nan sai wata bakwai ko fiye babu ɗigo, kuma a Afrilu zafi kan haura digiri 40. Masu sayar da tsirrai a bakin titunan birnin Kano za su ce maka ciyawar ado ba ta da cin ruwa. Gaskiyarsu, in a Ingila ne, inda rashin ruwan sama na 'yan makonni ake kira fari. A ce filin da Kawu yake so mita 10 ne tsawo, 10 faɗi, a ce kowace murabba'in mita ta sha lita 5 a rana, wanda ko abin da ranar bazara ke zuƙewa bai kai ba. Lita 500 ke nan kullum, jarka 20 mai lita 25, wajen kura biyu ta ɗan garuwa. A kwana 210 na rani, jarka 4,200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini, wato ciyawar Kawu za ta sha rabon mutum 25.

Ya ce ai burtsatse zai haƙa. To, ƙarƙashin ƙasarmu dutse ne, ba ko'ina ake dace da ruwa ba. In an dace, ga injin jan ruwa, ga tanki, ga fetur ɗin da tun da aka cire masa tallafi a ƙarshen Mayun 2023 bai sake zama abin wasa ba, ko kuma kuɗin kafa sola. Akwai kuma wani farashin da ba a rubutawa a rasit. Duk wanda ya haƙa burtsatse a ƙauye ya san da asuba yara za su yi layi da bokitai a ƙofarsa. Ranar da ruwan ya ja baya a tsakiyar bazara, wa za a fara hanawa, yaran ko ciyawar? Ina so in ga dattijon da zai riƙe tiyo yana ban ruwan ado alhali 'yar maƙwabcinsa na tsaye da bokiti wayam.

Sai fili. Tun a shekarun 1960 Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma ta Bayero, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda jama'a suka yi yawa har aka daina barin gona ta huta, ana nomanta kowace shekara da ƙarfin takin da ake kaiwa a mangala. Yau gado ya ƙara yayyanka gonakin. Shi ya sa a nan babu tsiron da ke zaman banza. Kara na danni ne da girki. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗora su kan rufi ko cikin reshen bishiya saboda rani. Gamba ana barinta a iyakar gona, ta raba faɗa tsakanin maƙwabta, a yanke ta a saƙa zana. Kyasuwa dami-dami ake kai ta kasuwa, masu kiwon ragon layya su saya. Kowace ciyawa tana biyan kuɗin wurin da ta tsaya. Ta Kawu ce kaɗai za ta zauna kyauta, a kuma ɗaukar mata ɗan aiki.

Ƙananan kuɗaɗen ba sai na daɗe a kansu ba. Da zarar an kawar da amfanin gona ana sakin awaki da tumaki, kuma koren abu ɗaya tak a garin da ya bushe gayyata ce, don haka sai shinge ko katanga. Gara na jiran duk abin da ya bushe. A hunturu busasshiyar ciyawa mai tsayin mutum a jikin gida, kusa da rumbu da dangar kara, tartsatsi ɗaya take nema. Kakanninmu da ke share ƙofar gida tas har ƙasa ta yi sumul ba rashin sanin ado ne ya sa su ba: a fili ake ganin sawun maciji da kunama, a duhuwa kuma sauro ke yini.

Abin da ya fi ba ni dariya sai da na tsaya na duba sunayen ciyayin da ke cikin hotunan. Wata mai ganye ja-ja da dogon kai, ana ce mata Purple Majesty, Jami'ar Nebraska ta Amurka ce ta fitar da ita, har ta ci lambar zinare a gasar tsirran lambu ta can a 2003. Gero ne. Geron da muke fura da shi, aka zaɓo mai launi aka sa a tukunya. Wata kuma mai jan baki da ake kira Red Baron, tofa ce, wadda manomin fadama ke kwana yana tsine wa saboda saiwarta da ba ta mutuwa. Jar takan rikiɗe ta koma koriya ta ci gaba da halinta, shi ya sa wasu jihohin kudancin Amurka suka hana sayar da ita. Ta ukun, mai gashi kamar maɓuɓɓugar ruwa, 'yar'uwar kyasuwa ce ta jini. Ta mamaye busassun wurare a Hawai tana ƙara wa gobarar daji ƙarfi, Tarayyar Turai kuma ta sa ta cikin jerin tsirran da aka haramta cinikinsu a 2017.

Mu ma mun ba duniya irin wannan kyauta. An kai gambarmu Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu. Can babu mai yankanta ya yi zana, babu garken da ya isa ya cinye ta, sai ta yi tsayin da ya kai mita huɗu ta cika dajin arewacin ƙasar, wutarta na ƙone manyan itatuwa. A 2012 gwamnatinsu ta sa ta cikin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Baƙuwar ciyawa ko ta mutu ta bar ka da asara, ko ta ji daɗin wurin fiye da yadda kake so. A garin da katangar gida ke jingine da gonar wani, iska ce za ta kai irin, maƙwabci ya biya kuɗin noma, magana ta ƙare a zauren mai unguwa.

Ban ce son kyau laifi ba ne. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki yana da damar ya zauna a ƙofar gidansa ya ga abin da ke faranta masa rai, kuma ciyawa na rage ƙura. Da na gama karanta masa lissafin, Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka bari a ji daɗi." Amma a watan Yuli ya sa aka ciro saiwar gamba daga iyakar gonar gadonsu aka dasa a jikin katanga, ba a ba ta ruwa ko sau ɗaya ba.

A farkon Oktoba kyasuwa ta fito da kanta a kangon da ke gefen gidan, kawunanta suka yi shunayya, hasken la'asar na ratsa su. Kawu ya ɗauki hoto ya tura wa tsoffin abokan aikinsa na Abuja, ɗaya har ya tambaye shi inda ya sayo irin. Washegari da safe wani yaro ya zo da lauje ya yanke ta kaf, ya ɗaure dami biyu ya kai wa ragonsa.