RA'AYI: Baƙin da muke mantawa da su a makarantun Gaya da Ajingi idan an tafi hutu

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, makarantun Gaya da Ajingi sai su koma kufai. Ɗalibai sun kwashe akwatunansu, malaman da iyalansu ke cikin birnin Kano sun hau mota, shugaban makaranta ya kulle ofis ya miƙa wa maigadi mukulli. A cikin gari kuwa lokacin ne ake walwala: an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, bukukuwan aure sun kankama.

Amma in ka leƙa bayan azuzuwa, inda gidajen malamai suke, sau da yawa za ka tarar da mutum ɗaya ko biyu da ba su tafi ko'ina ba. Galibi masu yi wa ƙasa hidima ne da aka turo daga Inugu ko Binuwai ko Ekiti ko Kuros Riba. Kirsimeti za ta same su a ɗaki, ga ƙurar hunturu, ga sanyin da ba su saba da shi ba. Idan Sallah ta zo kuma, haka Musulmin cikinsu da suka fito daga Ilori ko Oshogbo ko Auchi suke kwana su tashi.

Ra'ayina shi ne, a irin waɗannan ranaku ne baƙon malami yake yanke shawarar ko zai zauna da mu ko zai nemi a sauya masa wurin aiki. Mu kuma mun ɗauki ranakun a matsayin lokacin da makaranta ba ta da wani nauyi a kanmu. A nan muke asara.

Abin da Amurkawa suka gane

Amurkawa suna da wani biki na godiya da suke kira Thanksgiving, wanda ke faɗowa a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Daga shi har zuwa Kirsimeti da sabuwar shekara, lokaci ne na komawa gida. Jami'o'insu sukan yi tsit, wasu ma har ɗakunan kwanan ɗalibai ake rufewa.

Sai dai jami'o'i da yawa a can ba su bar lamarin haka nan ba. Ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje yakan haɗa wanda ba shi da wurin zuwa da wani iyali a cikin gari, ko a shirya walima a harabar makaranta, ko malami ya kwashi ɗalibansa zuwa gidansa. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya fiye da 20,000 ne ke karatu a Amurka. Akwai kuma matasan malamai daga Arewa da shirin Fulbright yake kai wa jami'o'in can su koyar da Hausa. Tambayi duk wanda ya dawo, za ka ji cewa gidan da aka gayyace shi cin abinci ranar biki yana cikin abubuwan da bai manta ba.

Ba wai sun fi mu son baƙo ba ne. Bambancin shi ne sun mayar da karɓar baƙo aikin ofis, da mai kula da shi, da jerin sunaye. Mu kuwa mun bar shi a hannun sa'a: in baƙo ya dace da maƙwabci mai kirki, ya ji daɗi, in bai dace ba, ya ci taliyarsa shi kaɗai.

Amurkawa biyu, ƙarshe biyu

Su ma Amurkawan sun taɓa zama baƙi a makarantunmu. A 1961 Shugaba John F. Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe su. Yawancinsu malaman makaranta ne.

A watan Oktoban wannan shekarar, wata daga cikinsu mai suna Margery Michelmore, tana cikin samun horo a jami'ar Ibadan, ta rubuta wa wani a gida katin wasiƙa tana bayyana irin ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar ba ta ko fara aikin da ya kawo ta ba.

A cikin wannan rukuni na farko kuma akwai Paul Newman, wanda aka tura Maiduguri. Shi ne daga baya ya dawo Kano a 1972 ya jagoranci Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero. Shi da matarsa Roxana suka fitar da ƙamusun Hausa zuwa Turanci a 1977, sannan a 2000 ya wallafa babban littafinsa na nahawun Hausa da har gobe ɗalibai ke dogaro da shi.

Haka John Paden, wanda ya yi bincike a Kano, ya koyar a Zariya da Kano, ya rubuta tarihin Sardauna Ahmadu Bello da ya fito a 1986. Haka Carmen McCain, wadda 'yan Kannywood suka fi sani da Talatu, da ta shafe shekaru a Kano tana nazarin finafinan Hausa.

Ba na jin akwai wanda zai sadaukar da rayuwarsa ga harshen mutanen da ba su taɓa shimfiɗa masa tabarma ba. Wanda ya ga gari ta taga kawai, bola da kwata zai gani. Wanda aka shigar da shi zaure, aka ba shi ruwa, aka sa masa suna, mutane zai gani.

Misali mafi nauyi shi ne na Yola. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola. Shugabar Jami'ar Amurka ta Najeriya a lokacin, Margee Ensign, Ba'amurkiya ce. Jami'ar ba ta rufe ƙofa ta koma gefe ba. Tare da malaman addinin Musulunci da na Kirista da ke cikin ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa Peace Initiative, sun yi watanni suna raba abinci ga ɗimbin 'yan gudun hijira. Abin lura shi ne an kafa ƙungiyar tun 2012, kafin masifar ta iso. Zumuncin da aka ƙulla tsakanin makaranta da gari lokacin da ake zaune lafiya, shi ya yi rana.

Baƙinmu na yau

Yau da wuya ka ga Bature yana koyarwa a ƙauyen Kano. Peace Corps ta daɗe da barin Najeriya, a Nijar ma ta kwashe mutanenta a Janairun 2011 saboda tsaro. Baƙon da ya rage mana shi ne ɗan hidimar ƙasa, ƙarƙashin hukumar NYSC da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, domin 'yan ƙasa su san juna.

Daga sansanin horo na Kusalla da ke Ƙaraye ake raba su zuwa ƙananan hukumomi. Kowa ya san abin da ke biyo baya: da yawa suna fafutukar a bar su a cikin birni, ko a mayar da su jihohinsu. Waɗanda suka yarda suka iso Gaya ko Ajingi, sau da yawa su ake miƙa wa lissafi da Turanci da darussan kimiyya, inda ƙarancin malamai ya fi tsanani. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Jihar da ke cikin wannan hali ba ta da malamin da za ta yi wasa da shi, ko da na shekara ɗaya ne.

Me ya sa ba sa tafiya gida hutu? An ƙara musu alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuma a Disamba ya fi kowane lokaci tsada. Zuwa da dawowa daga Kano zuwa Kudu maso Gabas na iya lashe alawus ɗin wata guda ko fiye. Ga dokar hukumar da ta hana fita daga jiha sai da izini. Ga fargabar hanya. Don haka wasu ke haƙura su zauna.

A wata makarantar sakandare da ke wannan yanki, na taɓa tarar da wata budurwa 'yar Kudu a ranar 26 ga Disamba tana wanki a bakin famfo. Ta ce tun da aka yi hutu, in ban da maigadi da yaran da ke zuwa ɗiban ruwa, babu wanda ya yi mata sallama. Ba ta ce an wulaƙanta ta ba. Cewa ta yi kamar ba a san tana nan ba. Ita ce kuma malamar kimiyyar da 'ya'yan garin suka dogara da ita.

Irin wannan yarinya za ta koma gida da labari. Ƙannenta da 'yan cocinsu za su ji. Iyayen da har yau ba su manta da masu hidimar ƙasa da aka kashe a Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011 ba, za su ƙara samun dalilin cewa kada ɗansu ya je Arewa. Mu kuma mu zauna muna ƙorafin ana ɓata mana suna.

Ga masu cewa addini ya hana

Na san akwai mai cewa Musulmi ba ya bikin Kirsimeti. Ban ce kowa ya shiga ibadar wani ba, kuma wannan fage ne na malamai. Amma babu malamin da na taɓa ji ya haramta gaida maƙwabci, ko aika masa da kwanon tuwo, ko tambayar lafiyarsa. Haƙƙin baƙo da na maƙwabci sanannu ne a Musulunci, kuma ba su faɗuwa don ranar ta zama 25 ga wata. Ballantana ma rabin maganar a kan Sallah take: Musulmi Bayerabe da ya yi Idi shi kaɗai a garin Musulmi, wane uzuri za mu bayar a kansa?

Wani zai ce ainihin matsalar ita ce rashin ɗaki mai kyau da ruwa da wuta da ɗan ihisanin da ya kamata ƙaramar hukuma ta riƙa bayarwa. Gaskiya ne, kuma kwanon tuwo ba zai toshe rufin da ke yoyo ba. Sai dai gyaran rufi yana jiran kasafin kuɗi, gaisuwa kuwa ba ta jiran kowa. Kuma malamin da yake da uban ɗaki a gari ya fi saurin samun mai kai kukansa sakatariya.

Wani kuma zai ce talauci ya yi yawa. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Abin da ya kamata a yi

Ba sabon abu nake kawowa ba. Bahaushe ya fi kowa sanin amfanin mai masauki. Fataken goro da na shanu da suka kafa zango a Kumasi da Sabo a Ibadan, da wannan tsari suka rayu: baƙo ya sauka a gidan maigida, shi ne cinsa, shi ne jingina, shi ne mai tsaya masa. Abin da 'yan uwanmu suka ci moriyarsa a ƙasar wasu, bai kamata ya gagare mu a gida ba.

Na farko, Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta ba ta Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Duk ɗan hidimar ƙasa da aka turo, a kai shi gaban dagaci a gabatar da shi, a haɗa shi da gida guda da zai zama masaukinsa. Mata a haɗa su da iyaye mata.

Na biyu, kafin a rufe makaranta, shugabanta ya rubuta sunayen waɗanda ba za su tafi ba, ya miƙa wa kwamitin iyaye da malamai. A san wanda zai riƙa leƙa su, da lambar da za su kira in ciwo ya kama su da dare.

Na uku, wanda yake son zuwa coci, a nuna masa inda zai samu da motar da za ta kai shi, ko a Wudil ne ko a Kano. Ranar Sallah kuma a aika masa da nama, a gayyace shi kallon hawa a fada.

Na huɗu, manyan makarantun da ke maƙwabtaka da mu a Wudil, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Makarantar Horar da 'Yan Sanda, suna tara mutane daga sassan ƙasar nan. Zama ɗaya a lokacin hutu, da zai haɗa baƙin da suka rage a can da masu hidimar ƙasa na kewaye da matasan gari, ko da wasan ƙwallo ne da shinkafa, ba zai karya asusun kowa ba.

Na biyar, ƙungiyoyin ɗalibai da na ci-gaban gari, masu yawan shirya taro a lokacin hutu, su ware kujera ga baƙon malami. A kira sunansa a lasifika, a gode masa a gaban jama'a.

Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya tashi daga Gaya ya je gindin Dala neman tama, aka sa wa birnin sunansa, kuma zuriyarsa ce Abagayawa. Ke nan mutanen Gaya sun san cewa baƙon yau yana iya zama tushen gari gobe. Hutu na nan tafe. Kafin shugaban makaranta ya miƙa mukulli, a tambaye shi: wa ya rage a ciki, kuma a gidan wa zai ci abinci ranar biki?