Jami'a Ba Ma'aikata Ba Ce

Da gwamnatin tarayya ta amince a cire jami'o'i daga tsarin albashi na IPPIS a Disambar 2023, sai na ce ashe dama ana iyawa? Rigimar IPPIS ɗin nan tana cikin abin da ya sa ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata takwas a 2022. An tsara IPPIS ne don ma'aikacin da ke zaune a ofis ɗaya. Malamin jami'a kuwa yana Jami'ar Bayero, amma a kan aro shi ya koyar a Dutse ko Katsina, abin da kwamfutar IPPIS a Abuja take gani a lokacin kamar cin albashi biyu. A lokacin, shugaban jami'a ma ya zama ɗan aike, kullum yana hanyar Abuja don neman izinin ɗaukar malami.