Gona da Madafa: Mu Riƙe Irinmu na Gado

A wannan wata za mu tattauna ne a kan iri, domin mun lura da yawa daga masu lambu a bakin kogin Binuwai, daga Garwa har Pitowa, sun daina ajiye nasu. Kowace shekara sai a nufi kanti a sayo na gwangwani.

Ba mu ce irin kanti ba shi da amfani ba. Amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Manyanmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. Wanda yake da iri a tukunya bai ji wannan zafi kamar wanda ya dogara da kanti ba. Sannan duk gwangwanin da aka rubuta F1 a jikinsa, irin aure ne. Zai yi kyau a shukar farko, amma in ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa, sai su fito barkatai, ba su kama da uwarsu.

Mu dubi masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari. Ana dasa ta bayan ɗaukewar ruwa a ƙasar karal, ta nuna da danshin ƙasa kawai. Safrari da majeri da burguri ba daga kanti suka fito ba. Kakanni ne suka riƙa zaɓen zangarniya mafi kyau tun tana tsaye a gona, su rataye ta inda hayaƙin murhu ke bugunta.

To, ga yadda za mu yi da kayan lambu. Tumatir, a zaɓi wanda ya nuna sosai daga itace mai lafiya, a matse 'ya'yan a kofi, a bar su kwana 2 ko 3 har yauƙin ya sake su, a wanke, a shanya a inuwa. Kuɓewa da yakuwa, a ɗaura tsumma a jikin mafi kyau don kada yara su tsinke, a bar su su bushe a kan uwarsu. Wake kuwa, a gauraya mudu ɗaya da mudu ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka, a rufe a tukunya, ƙwari ba za su ci shi ba. Irin albasa ba ya jimirin ajiya, kada ya wuce shekara guda. Kowane ƙulli a rubuta sunansa da shekararsa, a nisanta shi da zafi da laima.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne, iri yakan mutu tare da mai shi. Tsohuwa ta rasu, a share ɗakinta, a zubar da ƙulle-ƙullenta, shi ke nan wata kuɓewa ta ɓace daga unguwa. Don haka kowa ya je wurin tsofaffin gidansu ya karɓi ko da cikin cokali ne, ya shuka bana, ya kuma ɗiba wa maƙwabci. Da tsohuwar zuma ake magani.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga madafa mu kaɗa mayonis da gwaiduwar ƙwai da man Diamaor da lemon tsami, domin latas da tumatirin da muka noma. Mu kwana nan.