Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa (NIWA)

Ranka ya daɗe,

Duk lokacin da jirgi ya kife, kamar na Warra a 2021 ko na Patigi a 2023, abin da muke ji shi ne ta'aziyya da alkawarin raba rigunan ruwa. Rigar tana da amfani, amma sai mutum ya faɗa ruwa take aiki. Maganata a kan abin da ke kifar da jirgin ne.

A watan Agustan 1979 ƙananan jiragen ruwa masu filafilai 303 suka tashi daga Ingila a tseren Fastnet. Guguwa ta rutsa da su, da dama suka kife, biyar suka nutse, mutum 15 cikin 'yan tseren suka mutu. Masu shirya tseren suka bi matuƙan da suka tsira da tambayoyi, suka koma kan ƙirar jiragen. Daga nan awon jirgi ya samu gindin zama: iya ina zai karkata ya dawo daidai?

Waɗannan fa jirage ne da ke da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsu, wanda ke miƙar da su idan iska ta kwantar da su. Kwale-kwalenmu ba shi da wannan gata. Faɗinsa da yadda aka jera kaya ne kawai ke riƙe shi.

Ka je gaɓa ranar kasuwa ka gani. Buhunan masara a ƙasa, babura a kansu, mata da goyo zaune a kan kaya, bakin jirgin saura taƙi ɗaya ya sha ruwa. Ga yaro a tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa. Wannan ruwan na ciki shi ne mugun, domin da jirgi ya ɗan karkata sai ya kwarara can, fasinjoji kuma su firgita su miƙe tsaye.

Tun 1876 dokar Birtaniya ta wajabta zana layin lodi a jikin manyan jirage. Ku ma ku auna kowane jirgin fito, ku ja masa layi da fenti. Ku ba sarakunan ruwa ikon hana tashi idan layin ya nutse, ku kuma biya su, don kada abincinsu ya dogara ga yawan fasinja.

Naku,
Wani mai yawan shiga jirgin fito