Sharhi: Kujerar Majalisa Ce Ke Buɗe wa Mata Ƙofar Kamfani

Masu iya magana sun ce kamun ludayin gaba shi na baya ke kallo. Wannan magana ta dace da dangantakar da ke tsakanin matan da ke siyasa da waɗanda ke neman shugabancin kamfanoni, kuma Jihar Bauchi tana da misali a kanta.

Jakadiya Mariam Yalwaji Katagum, 'yar asalin jihar, ta riƙe muƙamin Ƙaramar Ministar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari daga 2019 zuwa 2023. A shekarar 2020 ta shugabanci kwamitin asusun ceto ƙananan masana'antu na Naira miliyan dubu 75, wanda ya keɓe kashi 45 cikin ɗari ga sana'o'in mata. Zaman mace a inda ake yanke shawara yana sauya yadda ake rabon jari.

Amma kyakkyawan misali kaɗai ba ya isa, sai an kafa doka. A ƙasar Norway, Gro Harlem Brundtland ta naɗa mata 8 cikin ministoci 18 a 1986, sannan a 2003 majalisar ƙasar ta tilasta wa manyan kamfanoni ba mata kashi 40 na kujerun daraktoci. Siyasa ce ta share fage, kamfanoni suka bi.

A Nijeriya ba haka abin ya kasance ba. Babban Bankin ƙasa ne, a zamanin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya nemi bankuna a 2012 su ba mata kashi 30 na kujerun daraktoci. An ga amfaninsa: a 2021 mata sun karɓi ragamar bankunan Fidelity, GTBank da FCMB, sai Zenith a 2024. Sai dai umurnin bai wuce bankuna ba, domin ba dokar majalisa ba ce. Ita kuwa Majalisar Tarayya, a watan Maris na 2022, ta yi watsi da ƙudurorin ƙara wa mata kujeru.

Saboda haka gyaran daga tushe zai fara. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. A unguwanni irin su Ɗan Iya cikin birnin Bauchi, mata na juya kuɗi ta hanyar adashi da sana'o'in cikin gida, suna kuma cika layin zaɓe, amma da wuya a ga sunansu a takardar takara.

Ya kamata attajirai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tallafa wa matan da suka cancanta tun daga kujerar kansila. Kamfanin da ke son ƙwararrun daraktoci mata gobe, riba ce gare shi ya ga mata a majalisa yau.