Mai zuga tarzoma ma yana da laifi a gaban shari'a

Mutane da yawa suna zaton wanda ya jefa dutse ko ya cinna wuta shi kaɗai ne mai laifi. Ba haka dokar Nijar take ba. Wanda ya zuga jama'a da baki, ko da kuɗi, ko da barazana, doka tana ɗaukarsa abokin aikata laifi, kuma hukuncinsa na iya zama daidai da na wanda ya aikata da hannu.

Dubi abin da ya faru a Bangi, cikin gundumar Madawa, maƙwabciyar Malbaza. A watan Nuwamban 2016, rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya kan ɓarnar gona. Mutum 18 suka rasu, aka ƙona gidaje. Irin wannan saɓani yana iya tasowa a Ƙonni, Malbaza ko Illela lokacin kaka, sa'ad da dabbobi ke saukowa kudu alhali amfani yana gona.

Me doka ta ce?

Kundin hukunta laifuffuka na 1961, wanda aka gyara a 2003, ya tanadi kason shekara 1 zuwa 5 ga mai haɗa ƴan ƙasa faɗa da sunan ƙabila, yanki ko addini. A watan Yunin 2024 kuma, hukumomin Nijar suka tsaurara dokar laifuffukan intanet ta 2019. Wanda ya watsa saƙon da ka iya ta da hankalin jama'a zai fuskanci kason shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 na sefa. Saƙon murya na WhatsApp yana cikin wannan. Ko ba kai ka ƙirƙira shi ba, tura shi ga wasu watsawa ce.

Me ya kamata ka yi?

In an yi maka ɓarna, kada ka yi shelar gayya. Kai ƙara wurin maigari ko sarkin yanki, domin doka ta ba su ikon sasantawa. In sulhu ya gagara, akwai jandarmomi, akwai kotu a Birnin Ƙonni. In saƙon zuga ya shigo salularka, kada ka tura shi gaba. Neman haƙƙi ta hanyar hukuma ba laifi ba ne. Kiran mutane su ɗauki makami shi ne laifi.